Yadda Ake Zana Fuskar Agogo da Hannu: Daga Shafin Littafi Zuwa Tsintsiyar Hannu

Fuskar agogon hannu na maza faɗinta yakan tsaya tsakanin milimita 28 da 32. A tsakiyarta akwai rami, a samanta akwai hannaye uku da ke yawo ba dare ba rana. A wannan ɗan fili ne masu zane a Suwizalan da Faransa da Japan suke zuba aikin makonni, wani lokaci watanni, har agogon ya kai farashin gida. Wanda yake son koyon sana'ar, ko yake son ya ba da a yi masa, abu guda ya kamata ya fara riƙewa: ba a kwashe labarin littafi a zuba a fuskar agogo. Ana tace shi ne har ya koma launi biyu ko uku da siffa ɗaya, sannan a shimfiɗa shi siriri yadda injin zai ci gaba da aikinsa. Duk matakan da ke tafe hidimar wannan suke yi.

Wuta ko sanyi

Hanyoyi biyu ne, kuma tun farko ake zaɓa, domin kowace da irin ƙarfenta da kayan aikinta.

Ta farko ita ce ta manyan gidajen agogo, wato enamel. Garin gilas ne mai launi, ana shimfiɗa shi a kan ƙarfe a saka a tanderu mai zafin kusan digiri 800 har ya narke ya manne. Danginsa ɗaya da rufin nan mai santsi na kwanukan langa da iyayenmu mata suke jerawa a ɗaki, sai dai wannan an tace shi matuƙa. Wani maƙerin zinariya Bafaranshe, Jean Toutin na garin Châteaudun, shi ake dangantawa da fara yin zane da burushi a kan enamel wajen 1630. Daga baya sana'ar ta yi gida a birnin Janiba na Suwizalan ta hannun iyalin Huaud, kuma a ƙarni na 18 masu aikin birnin suka ƙware wajen rufe zanen da gilas garai don ya kare shi. Agogunan aljihu na wancan zamani suna nan a gidan tarihin kamfanin agogo na Patek Philippe da aka buɗe a Janiba a 2001, launinsu bai dushe ba. Wannan ita ce falalar wuta.

Ta biyu ita ce zanen sanyi: fentin akirilik ko makamancinsa a kan tagulla, a bar shi ya bushe, a rufe da banish, wato shafi garai mai kare fenti. Ba ta kai ta farko daɗewa ba, amma da ita ya kamata kowa ya fara. Tanderu ba ya yafe kuskure, akirilik kuwa ana gogewa a sake. Wanda bai iya riƙe burushi a ƙarƙashin madubi mai ƙara girma ba, sayen tanderu ɓarnar kuɗi ce a gare shi.

Injin ne ke yanke wa zane iyaka

Kafin ka taɓa fenti, san injin da fuskar za ta hau. Mai koyo ba shi da abin da ya fi NH35 na kamfanin Seiko, saboda arha da yawan kayan gyaransa. Fuskokinsa faɗinsu milimita 28.5 ne, kaurinsu kusan 0.4, kuma ana sayar da su fili ba rubutu. Yana da tagar kwanan wata, wadda takan yanke zane a gefe. In ba ka son haka, nemi NH38 ko Miyota 9039, su ba su da kwanan wata. Mai son fili mai faɗi ya duba ETA 6497 ko 6498, injin da aka fara yi don agogon aljihu, faɗinsa milimita 36.6, amma ya sani hannun sakan ɗinsa yana zaune a wani ƙaramin da'ira a gefe, dole a ba shi wurinsa a cikin zanen.

Juya fuskar ka duba bayanta. Za ka ga 'yan ƙafafu sirara da ke shiga injin. Fuskokin NH35 da yawa suna zuwa da huɗu, biyu na agogon da makunninsa ke daidai ƙarfe uku, biyu na wanda ke kusa da ƙarfe huɗu. Gwada da gidan agogonka, cire biyun da ba naka ba, sannan ka yi alamar ƙarfe goma sha biyu a baya da allura. Mutum zai iya kammala zane mai kyau, ya zo haɗawa ya tarar ya karkace, kuma babu gyara sai sakewa.

Sayi fuskoki biyar ko shida lokaci ɗaya. Na farkon na gwaji ne.

Tace littafin

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi yin gaggawa.

Zanen da ba ya kwaikwayon siffar komai ya yi ƙarfi a Turai a farkon ƙarni na 20. Hilma af Klint ta Suwidin ta fara irinsa a 1906. Kazimir Malevich ya nuna baƙin murabba'insa a 1915. Wassily Kandinsky ya yi ta koyar da cewa launi da layi suna taɓa zuciya kai tsaye kamar sauti, Piet Mondrian kuma ya taƙaita duniyarsa ga baƙaƙen layuka da ja da shuɗi da rawaya. Abin da suka gano ya dace da agogo ƙwarai: idon da ya kalli tsintsiyar hannu na sakan biyu ba ya karanta labari, amma yana kama nauyin launi nan take. A 1947 Nathan George Horwitt ya tsara fuskar agogo baƙa ƙirin da ɗigo ɗaya tal a ƙarfe goma sha biyu, alamar rana tsaka. Gidan adana zane na MoMA a New York ya karɓe ta a 1960, kuma har yau kamfanin agogo na Movado na sayar da ita. Ɗigo ɗaya ya isa in an ajiye shi a mazauninsa.

Bahaushe ba baƙo ba ne a nan. Zayyanar allon sauka, aska takwas a ƙirjin babbar riga, dagi da sauran adon bango na tsofaffin gidajen Zariya da Kano da Damagaram, duk ma'ana ce da aka ɗora wa layi da kusurwa ba tare da hoton mai rai ba. Wanda ya tashi yana kallon waɗannan ya riga ya sami rabin tarbiyyar idon da ake nema.

Ga yadda ake yi. Ɗauki littafin da ka karanta da gaske, ba wanda ka ji labarinsa ba. Rubuta jimla ɗaya da ke faɗin abin da ke motsa labarin. Mu ɗauki Dare Dubu da Ɗaya, tunda kowa ya san shi: mace tana sayen ranta dare bayan dare da labari, tana yin shiru idan alfijir ya keto. Kada ka zana sarki, kada ka zana fada ko fitila. Tambayi kanka abu uku. Wane launi ne ya mamaye labarin? Shuɗin dare mai duhu. Mene ne ke yi masa barazana? Hasken asuba. Wace siffa labarin yake da ita? Labari cikin labari cikin labari, wato da'ira cikin da'ira. To ka sami zanenka: fili shuɗi mai duhu a sama yana sassautawa ƙasa, da'irori sirara masu shiga juna waɗanda ba ko ɗaya da ta rufe, da wani ɗan tsagin ruwan goro tsakanin ƙarfe biyar da shida. Kullum hannun awa zai bi ta kan tsagin nan da asuba. Wannan ne abin da agogo ya fi allon bango da shi: hannayensa suna cikin zanen, kuma suna canza shi kowane minti. Mai zanen da bai yi lissafi da su ba ya bar rabin kayan aikinsa a ƙasa.

Littafin da ke kan hauka da farauta, irin Moby-Dick, labarin ƙaton farin kifin nan na Herman Melville na 1851, zai ba ka wani abu dabam: farin dunƙule da ya fi ƙarfin filin, da jan layi ɗaya da ke binsa. Hanyar dai ɗaya ce.

Launi uku sun isa. Na huɗu sai da hujja. Kuma ka ɗauki darasi daga Kandinsky da Mondrian, kada ka kwafe su. Kamfanin agogo na Swatch ya riga ya buga ayyukansu a kan agogon roba tare da Cibiyar Pompidou ta Paris a 2022, da inji, a farashi mai sauƙi. Wanda zai biya kuɗin aikin hannu abin da babu shi a wani wuri yake nema.

Daga takarda

Zana da'ira mai girman fuskar sau biyar, wato kusan santimita 14. Saka ramin tsakiya, saka tagar kwanan wata in akwai, ka bar milimita ɗaya na ainihin fuskar a gefe domin zoben ciki na gidan agogo zai rufe shi. Yi zane goma sha biyar ko ashirin da sauri, ka zaɓi uku. Ɗauke su a waya, rage su zuwa ainihin girman, ka buga a takarda, ka yanke, ka manna a tsintsiyar hannunka. Abin da ya ɓace a wannan girman, cire shi daga zanen.

Sannan yanke hannayen agogo na takarda ka ɗora, ka juya su zagaye guda. In akwai inda suka nutse cikin launi har ba a ganinsu, canza launin hannayen ko na wurin. Agogon da ba a iya karanta lokaci a kansa ya zama munduwa. Ba dole ba ne a rubuta lambobi, amma ido yana buƙatar abin kamawa ko da ɗaya, galibi a sama.

Shirya wuri da ƙarfe

Babban abokin gabar wannan aiki ƙura ce. Ƙwayar da ido ba ya gani a tebur takan zama dutse a ƙarƙashin gilashin agogo. Mai aiki a ƙasashenmu lokacin hunturu ya rufe tagogi, ya kashe fanka, ya goge tebur da jiƙaƙƙen tsumma, kuma ya tanadi kofin gilas da zai kife a kan fuskar duk lokacin da ya ajiye burushi.

Kayan aiki: madubin ido mai ƙara girma sau uku zuwa biyar na yin aiki, da mai sau goma na dubawa, fitila mai farin haske, hantsaki, robar yatsu, ƙaramar robar hura iska, da Rodico, wani ɗanko na kamfanin Bergeon da masu gyaran agogo ke ɗauke datti da shi. Burusai na gashin sable, wata ƙaramar dabba mai laushin gashi, daga lamba 0 zuwa 10/0, wato mafi sirara. Masu zanen enamel sukan rage gashin nasu har ya saura 'yan ƙwarori.

Goge tagullar da samfefa mai laushi, lamba 800 zuwa 1200, da ɗan ruwa, har ƙyallin ya mutu. Wanke da sifirit, kada yatsa ya sake taɓa ta. Kafa ta a kan murfin kwalba ko guntun katako mai ramukan da ƙafafun za su shiga. Fesa fentin shimfiɗa na ƙarfe, irin wanda ke kama tagulla, siriri sau biyu. Bar shi ya kwana.

Gargaɗi mai nauyi: kada ka kankare fuskar tsohon agogo mai lambobi masu haske da dare in ba ka san shekarunsa ba. Har zuwa shekarun 1960 ana amfani da sinadarin radiyom a wannan fenti, kuma ƙurarsa guba ce. 'Yan matan da suka yi aikin shafa shi a masana'antar garin Orange a jihar New Jersey ta Amurka daga 1917 an koya musu su riƙa fiƙe bakin burushi da leɓɓansu, kuma da yawansu sun mutu da ciwon ƙashi. Ko fentinka na yau ne, akwai masu kadmiyom da kobalt. Ana fiƙe burushi a kan takarda, ba a baki ba.

Zanen kansa

Sayi fenti na ƙwararru, ka duba alamar jure haske a jikin bututun, ka ɗauki mai daraja ta ɗaya. Agogo rana yake sha, kuma jan fenti mai arha shi ke fara kodewa.

Fara da fili. In kana da ƙaramar bindigar feshi, ita ta fi fitar da launi mai sassautawa daga duhu zuwa haske. In babu, tsarma fentin sosai ka yi shafi bakwai ko takwas, kowane ya bushe kafin na gaba. Shafi ɗaya mai kauri yana barin tudu, kuma tsakanin fuska da hannun awa ba a kai milimita guda ba. Tudu kaɗan ya isa ya tsayar da agogo. Wannan ne kuskuren da ya fi kashe aikin masu koyo, musamman waɗanda suka saba da zanen allo inda kaurin fenti ado ne.

Da fili ya bushe, fitar da manyan siffofi da fensir mai laushi, a hankali, ko da kamfas in da'ira ce. Jingina gefen tafinka a tebur, ka bar burushin a wuri ɗaya kana juya fuskar da ɗaya hannun. Layi mai lanƙwasa ya fi fita haka. Ja layi yayin fitar da numfashi. Yi aikin minti ashirin, ka ɗaga kai ka kalli nesa, domin ido in ya gaji ƙarya yake yi. Bayan kowane zama, share bakin ramin tsakiya da tsinken sakace, kada fenti ya taru a wurin.

Abu na ƙarshe da za ka saka shi ne mafi haske, a misalinmu tsagin asuba. Da zarar ka ji zanen na neman ƙari ɗaya, ajiye burushi ka bar shi har gobe. Sau da yawa gobe za ka ga ya cika.

Rufe da banish mai kare hasken rana, feshi siriri sau biyu ko uku. Sannan haƙuri: mako biyu a ƙarƙashin kofi kafin a rufe shi cikin agogo. Fentin da bai gama bushewa ba yana fitar da tururi, tururin ya kwanta a cikin gilashi kamar hazo, ya kuma gurɓata man injin. Fentin mai yakan ɗauki watanni, shi ya sa ban ba mai koyo shawarar fara da shi ba.

In ka kai ga wuta

Tagulla ba ta karɓar enamel da kyau saboda tutiyar da ke cikinta. Jan ƙarfe ake amfani da shi, ko azurfa tsantsa, ko zinariya. Ana niƙa garin a turmin dutse, a wanke shi da tataccen ruwa har ruwan ya fito garau. Ana shafa enamel a bayan fuskar ma, domin gilas da ƙarfe ba sa miƙewa da tsukewa daidai da juna, in gefe ɗaya kawai aka rufe sai farantin ya lanƙwashe ko ya tsage. Ana gasa farin fili sau da dama, kowane gashi minti ɗaya zuwa biyu, a goge shi ya kwanta sumul.

Launukan zanen garin ƙarfe ne da ake kwaɓawa da mai irin na lafanda: kobalt na ba da shuɗi, kuromiyom kore, zinariya kuma ja da ruwan hoda. Launin da ka shafa ba shi ne zai fito daga tanderu ba, saboda haka kowane mai aiki yana da farantin gwaji da ya gasa launukansa a kai. Ana fara da masu jure zafi, a bar ja da ruwan hoda zuwa ƙarshe. Fuska ɗaya takan shiga wuta sau goma ko fiye, kuma a kowane shiga tana iya kumfa ko tsagewa. Kuɗin da ake biya har da na waɗanda suka lalace. Wasu irin garin suna da dalma, don haka takunkumin hanci da iska mai fita waje wajibi ne. Fuskar enamel ta fi ta fenti kauri, sai an nemi injin da sandunan hannayensa suka fi tsawo.

Wannan ba a koyonsa daga rubutu kaɗai. Dubi aikin Suzanne Rohr, wadda ta yi wa Patek Philippe zane tun 1967, da na Anita Porchet, wadda ta mayar da rufin gidan opera na Paris da Marc Chagall ya zana a 1964 zuwa fuskar agogon Vacheron Constantin a 2010. Su biyun aka haɗa aka ba lambar girmamawa ta musamman a gasar agogo ta Janiba a 2017. Kamfanin anOrdain na Glasgow kuma ya nuna cewa ƙaramin shago a wajen Suwizalan zai iya koyon gashin enamel da kansa, in ya yarda ya yi shekaru yana gwaji.

Haɗawa

In ba ka taɓa buɗe agogo ba, kai wa mai gyaran da ka amince da shi, ka zauna kusa ka kalla. Ana zura ƙafafun fuskar a injin. In akwai kwanan wata, a juya makunni har kwanan ya tsallaka, nan ne tsakar dare, sai a dasa hannun awa da na minti a kan goma sha biyu, sannan na sakan. A juya su zagaye biyu cikakku ana kallo ta gefe da madubi, a tabbata ba su taɓa fenti ba, ba su taɓa juna ba. A hure ƙura, a bi da Rodico, a rufe. Bar agogon ya yi kwana biyu yana aiki, fuska sama da fuska ƙasa, kafin ka ɗaura.

Ga mai saye ko mai ba da aiki

Tambaya ta farko: gashin wuta ne ko zanen sanyi? Akwai abin da ake kira enamel na sanyi, wanda roba ce mai daskarewa. Ba laifi ba ne, amma kada a sayar maka da shi a kuɗin na wuta. Sa madubi mai sau goma: bugun inji yana nuna ɗige-ɗige a jere, aikin hannu yana nuna sawun gashin burushi da 'yar rawar layi. In an ce guda ashirin aka yi, nemi hotunan biyu ka gwada, bai kamata su zama daidai ba. Tambayi sunan mai zanen, a rubuta maka shi a takardar sayen tare da sunan injin. Namiji Musulmi ya tambayi ƙarfen gidan agogon tun da wuri, domin yawancin waɗannan ayyuka a gidan zinariya ake saka su, kuma masu ƙera na kansu sukan yarda su yi na baƙin ƙarfe marar tsatsa ko titaniyom.

In kai ne mai ba da aikin, ba mai zanen littafin da jimlarka ɗaya, ka nemi ganin zanen takarda a ainihin girmansa kafin ya taɓa ƙarfe.

Enamel ba ya tsoron rana amma yana tsoron faɗuwa, kuma tsagarsa ba ta ɗinkuwa. Zanen sanyi yana tsoron danshi da doguwar rana, kada a bar shi a gaban gilashin mota. Duk lokacin da za a kai agogon wanki da sa mai, bayan shekara biyar ko makamancin haka, gaya wa mai gyaran cewa fuskar zanen hannu ce, ya shimfiɗa siririyar leda a kanta kafin ya ɗaga hannayen, kuma kada sifirit ko wani ruwan wanki ya kusance ta.